Agwagwan Zamfara da gubar dalma

Likitan Dabbobi: Wallahi abin nan na ci min rai, duk kwamitin annoba da za a kafa likitocin mutane ne kaɗai a ciki. A 2010 kafin yara su fara mutuwa da gubar dalma a Anka da Bukkuyum agwagi ne suka fara mutuwa, ba wanda ya tambayi dalili, da akwai likitan dabbobi da masanin ƙasa a zance da an gano da wuri. Yara sama da 400 suka tafi. Ƙauyawa sun ga alama amma ba inda za su kai rahoto

Ɗan Anka: Malam su waye ƙauyawa? Iyayenmu kake kira haka?

Likitan Dabbobi: Haba ɗan'uwa, mazauna karkara nake nufi

Ɗan Anka: To ka ce haka tun farko. Ku 'yan birni kullum kallon jahilai kuke mana, zinaren da ake niƙa duwatsunsa masu dalma a cikin gidaje ai a birni ake sayensa

Maman Yusra: Ni ƙauye aka haife ni kuma ban ji zagi ba, wanda ya tsargu shi ya sani

Ɗan Anka: Hajiya ke ba 'yar Zamfara ba ce, ki bar mu

Injiniya: Jama'a ku dawo kan magana. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun ba yara magani amma yaron da ya koma gidan da ƙasarsa ke da dalma sai ya sake kamuwa, dole aka kwashe ƙasar saman gidaje aka zuba sabuwa. Bagega da ke Anka sai 2013 aka yi mata wannan aikin, kuma a 2015 abin ya sake ɓulla a Rafi ta jihar Neja

Dakta: Duk da haka likita ne ya gano cutar, ba mai duba agwagwa ba

Likitan Dabbobi: Mai duba agwagwa? Ranka ya daɗe shekara shida na yi a jami'a kamar kai

Maman Yusra: Dakta ka janye wannan gaskiya

Ɗan Anka: Shi ma bai janye ƙauyawa ba

Dakta (admin): To na rufe zancen. Abin da aka cimma, likitoci ne suka ceci yaran kuma su ya kamata su ja ragama, sauran su taimaka in an neme su. Mai post kuma sai ya nemi afuwar mutanen Anka.