Kwana uku a Alkahira tare da tsohuwa: me za mu gani, me za mu bari?

Baban Ikram:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san Alkahira. Cikin Disamba in Allah ya kai mu zan raka Hajiyarmu ganin likitan ido, ni da uwargida. Yadda aka tsara, bayan an gama da asibiti za mu samu Alhamis, Juma'a da Asabar kafin jirgin dawowa Kano. Hajiya ta haura saba'in, ga ciwon gwiwa, amma tun da ta ji maganar tafiyar nan ba ta da zance sai gawar Fir'auna da ziyarar Imamu Shafi'i. Ni dala nake son gani, wato manyan gine-ginen fir'aunonin nan na Giza, uwargida kuma kasuwa. Wuraren da na jera a takarda sun cika shafi guda. Wanda ya taɓa zuwa don Allah ya faɗa mini abin da ya gani da idonsa.

Ɗan Bu'us:
Wa alaikumus salam Yaya. Allah ya ba Hajiya lafiya. Ni a nan nake karatu a Azhar, kuma duk baƙon da ya zo daga gida da irin wannan takardar yake sauka. Ka ninke ta ka sa a aljihu. Abin da ke cinye lokaci a garin nan ba nisa ba ne, cunkoson motoci ne. Wurin da taswira ta ce minti ashirin, da yammacin Alhamis sai ka share sa'a da rabi kana kallon bayan motar gabanka. Don haka unguwa ɗaya a rana, ba ƙari.

Abin daɗin shi ne buƙatun Hajiya biyu kusan a wuri ɗaya suke, can ɓangaren Fusɗaɗ, tsohon garin da Amru bin As ya kafa. Mutane da yawa har yanzu suna nufar tsohon gidan tarihi na dandalin Tahrir neman gawarwakin fir'aunoni, alhali an kwashe su tun Afrilun 2021. Guda 22 ne, sarakuna 18 da sarauniyoyi 4, aka mayar da su gidan tarihin wayewar Masar da ke Fusɗaɗ. Daga nan zuwa hubbaren Imamu Shafi'i tafiyar 'yan mintoci ce a mota, masallacin Amru ma haka. Ku yi waɗannan ukun ranar Alhamis, ku fita da sassafe, ku koma masauki kafin la'asar. Ka kuma sani a Disamba rana gajeriya ce: ana kiran azahar tun kafin sha biyu, magariba wajen ƙarfe biyar.

Maman Sadik:
Ni ma da mahaifiyata na je, kuma ita ma Fir'aunan ne ya kai ta. Ka shirya wa Hajiya zuciyarta tun daga gida, don ba ƙaton mutum za ta gani ba. Ana sauka ƙasa ne zuwa wani zaure mai duhu da sanyi, kowace gawa a akwatin gilashinta, an lulluɓe ta da yadi, fuska kawai a waje, wasu da hannuwa. Ramsis na Biyu hancinsa a lanƙwashe, ga sauran gashi a gefen kai, launin jan lalle. Mamata ta daɗe a tsaye a kansa tana karanta ayar nan ta Suratu Yunus. Da muka matsa gaba aka nuna mana ɗansa Merneptah, aka ce ai wasu masana shi suke ɗauka Fir'aunan Annabi Musa, sai ta ce to a koma baya ta sake dubawa. Babu allon da aka rubuta "wannan ne", gara ta sani. Ba a ɗaukar hoto a zauren, masu gadi ba sa wasa da wannan. Wurin shimfiɗe yake, bai wahalar da ita ba.

Alhaji na Fagge:
Baban Ikram, maganar dala bari in gaya maka gaskiya. Ka je, domin duk hoton da ka taɓa gani bai kama ƙafar abin ba. Sai ka tsaya a gindin babbar, ta Fir'auna Khufu, ka ga dutse guda a layin ƙasa ya kai maka ƙirji, sannan ka ɗaga kai, kuma a ce maka ginin ya haura shekara 4,500, tsayinsa na asali mita 146. Amma shiga ciki, wannan tikitinsa daban, kuma ni ban ga abin da ya sa mutum zai biya kuɗi a wahalar da shi ba. A duƙe ake hawa wani siririn lungu, masu saukowa na gogar kafaɗarka, ga zafi ga ƙarancin iska. Ka isa sama kana haki, sai ɗaki fayau da akwatin dutse babu komai a ciki. Hajiya kam ko da wasa.

Sai masu raƙuma da keken doki. Mutum zai zo da fara'a, "ya hajji, daga Najeriya?", ya ɗora maka rawani a ka ya ce kyauta ne. Ba kyauta ba ne. A gabana wani bawan Allah ya hau raƙumi a kan farashi guda, da aka zo saukewa mai raƙumin ya ce wancan kuɗin hawa ne, na sauka daban. Raƙumi a tsaye, kai a sama, da wa za ka yi gardama? In za ku hau, a yi magana ƙarara: nawa, da kuɗin Masar, zuwa ina, har da dawowa da sauka. In ba ku so, "la, shukran" sau ɗaya ka wuce, kada ka tsaya bayani.

Maman Sadik:
Alhaji ya manta masu jagora. Wanda otal ya haɗa mu da shi mutumin kirki ne a baki, amma tsakanin dala da masauki sai da ya ajiye mu shagon turare da na takardar fir'aunoni, wai mu sha shayi kawai. Kamasho yake samu. Ka faɗa wa direba tun a mota cewa ba ku shiga shago.

Malam Mai Alƙalami:
Ni kuma ina da ja a kan yadda ake ba dala rana guda sukutum. Mutanenmu suna zuwa Alkahira su dawo da hoton raƙumi, ba su taka inda tarihinsu yake ba. Garin da ake kira Alkahira Faɗimiyyawa ne suka kafa shi a 969, aka fara sallah a Azhar a 972. Tun ƙarni na 13 sarakunan Kanem suka gina wa ɗalibansu makaranta a Fusɗaɗ, kuma Barebari suna da nasu ɓangaren kwana a cikin Azhar. Imamu Suyuɗi da muke karanta littattafansa a zaure, wanda ya rubuta wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha, ya rasu a 1505, kabarinsa na nan ƙasan ganuwar Salahuddin, a kan hanyarku ta zuwa Imamu Shafi'i.

Da ni ne, da na kai Hajiya masallacin Sultan Hasan. An fara gina shi a 1356, makarantu huɗu ne a cikinsa, kowace mazhaba da tata, har da tamu ta Malikiyya. Ana bi ta wani dogon soro mai duhu, kwatsam sai ka ɓullo tsakar gida, rana ta haske marmara, fitilu na reto a dogayen sarƙoƙi daga can ƙololuwa. Ranar da na je, wani mai hidimar masallacin ya tsaya a gaban mihrabi ya ja aya biyu ba lasifika, muryar ta cika wurin har sai da tsigar jikina ta tashi. Ya miƙo hannu bayan ya gama, na ba shi da daɗin rai.

Sannan masallacin Ibn Ɗulun, wanda aka gama a 879. Babu cunkoso, babu mai talla, fili ne fetal da ginshiƙai. Matakalar hasumiyarsa ta waje take zagayawa. Kai da uwargida ku hau, Hajiya ta zauna a inuwa ta ja carbi.

Alhaji na Fagge:
Malam, duk abin da ka faɗa haka ne, amma mutum ya ce dala yake so. In ya dawo Kano aka tambaye shi ya ce bai gani ba, ai sai a ce ba Masar ya je ba.

Ɗan Bu'us:
Allah ya gafarta Malam, ai ba sai an zaɓi ɗaya ba. Sultan Hasan yana kan hanyar dawowa daga Imamu Shafi'i, in Hajiya na da sauran ƙarfi ranar Alhamis sai a tsaya. Abin da zan ce a bari shi ne hawa ganuwar Salahuddin. Masallacin Muhammad Ali da ke samanta kyakkyawa ne, kuma daga can ana hango gari duka, amma daga ƙofa zuwa sama hawa ne a kan dutse, mai ciwon gwiwa zai ji jiki.

Juma'a kuma ku ba Azhar. Da safe titi wayam yake, kowa na barci. Ku isa tun wajen goma da rabi don Hajiya ta samu wuri a ɓangaren mata, ku tafi mata da 'yar kujerar ninkewa. Bayan sallah masallacin Husaini yana tsallaken titi, akwai hanyar ƙarƙashin ƙasa ta masu ƙafa amma da matakala. Kasuwar Khan Khalili a jikinsa take, daga nan kuma titin Mu'izz ya miƙe har Babul Futuh, tsoffin masallatai da makarantu hagu da dama. Da dare ake kunna musu fitilu, lokacin ya fi kyau.

Hajiya 'yar Damagaram:
Saƙona ga uwargida ne. 'Yar uwa, Khan Khalili wurin kallo ne da sayen tsarabar yara, farashinsa na baƙi ne. Duk abin da aka faɗa miki ki taya ƙasa da rabi, in ya ƙi ki juya, zai kira ki. Jallabiya, abaya, zannuwan gado na audugar Masar, waɗannan ki gangara Guriyya da Muski, inda matan garin ke saye, duk a nan kusa ne. Sai dai matsi, ki rungume jakarki a gaba. Kada ki ja Hajiya zuwa can, ki bar ta da ɗanta a wurin shan shayi.

Abinci kuma, mu dai bai dame mu ba. Da safe wake da burodi da ƙosansu, ta'amiyya. Da rana kushari: shinkafa, taliya, adas, miyar tumatir da soyayyiyar albasa, ga arha ga ƙoshi. Amma tsofaffi ba kowa ke iya wa ba, ku ƙulla yaji da garin kunu daga gida. In tuwo ya taso mata, a Hayyul Ashir can Madinatu Nasr akwai 'yan gida masu dafawa.

Baban Ikram:
Kai, Allah ya saka da alheri. To ga yadda na fahimta: Alhamis Fusɗaɗ da Imamu Shafi'i, Sultan Hasan in da hali, Juma'a Azhar da kasuwa, Asabar Giza. Tambaya biyu: sabon gidan tarihin nan da ake ta magana, Babban Gidan Tarihin Masar, zai shiga Asabar ɗin? Kuma metro, jirgin ƙasan cikin gari, ko tasi?

Injiniya Abu Hanif:
Zai shiga, don kusa da dala yake, bai fi kilomita biyu ba. An buɗe shi a hukumance farkon Nuwamban 2025, kuma kayan kabarin Fir'auna Tutankhamun da aka gano a 1922 duk suna can yanzu. Amma girmansa ya wuce misali, in ka ce sai ka ga komai ƙafarka ce za ta faɗa maka. Ku fara da dala da zarar an buɗe, kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su iso, sannan ku shiga gidan tarihin ku nufi ɓangaren Tutankhamun kai tsaye. Ku nemi keken turawa saboda Hajiya. Tunda kuma aikin ido ne ya kawo ku, ka tambayi likita ko ƙurar Giza ba za ta yi mata illa ba. In ya hana, ta huta a masauki ranar, ta riga ta ga nata.

Abin da ya fi ba mutanenmu matsala shi ne tikiti. Manyan wuraren nan sun daina karɓar tsabar kuɗi a taga, sai kati. Na ga iyali guda a tsaye a ƙofa da daloli a hannu, katinsu na gida ya ƙi, sai da wani ya biya musu da nasa suka ba shi kuɗi. Ka tabbatar katinka na aiki a waje tun kafin ka taso. Ka kuma riƙe canji ƙanana saboda masu ajiye takalma a masallatai da masu kula da banɗaki.

Maman Sadik:
Metro yana da sauri da arha, kuma akwai taragon mata zalla a tsakiyar jirgi, ni na ji daɗinsa. Amma da tsohuwa a'a, matakala da turereniya sun yi yawa. Ku kira Uber, farashi a rubuce, ba ciniki. Lambar mota da Larabci take, wanda ya yi Islamiyya ba zai sha wuya ba. Ku kuma sa direba ya ajiye ku a ɓangaren da za ku shiga, don tsallaka titi a Alkahira ba aikin mai sanda ba ne. Kayan sanyi ma kada ku raina, daren Disamba a can yana shiga ƙashi, gidajensu kuma ba sa riƙe ɗumi.

Ɗan Bu'us:
Yaya, in jirginku daren Asabar ne, ka lura Giza tana yammacin gari, filin jirgi kuma can gabas, sai kun ratsa Alkahira kaf. Ku haɗa kaya tun daren Juma'a, ku bar Giza kafin ƙarfe biyu. Katin rigakafin shawara na ku ukun kuma ya zauna cikin fasfo, kada ya shiga akwatin da za a auna.