Ranar da karenku ya kwanta ba zato, yaya kuka yi da jinya da kuɗin magani?

Mai Baƙin Kwikwiyo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kiwon karnuka. Jiya na dawo da kwikwiyona gida bayan kwana biyar a asibitin dabbobi, har yanzu hankalina bai gama dawowa jikina ba. Watansa uku da 'yan kwanaki. Ranar Asabar ya ƙi abinci, ya je bayan ƙofa ya kwanta ya cusa kai tsakanin ƙafafu. Lahadi ya fara amai, farin kumfa, ko ruwa ya sha sai ya dawo. Ban kai shi asibiti ba, kuma ba zan ɓoye muku ba, tsoron kuɗi ne ya zaunar da ni. Litinin da asuba sai ga zawo da jini, da wani ƙarni da ban taɓa jin irinsa ba.

Likita ta ɗebi kashinsa da tsinken auduga, cikin minti 10 ta ce cutar farbo ce. Ta ce ƙwayar tana cinye fatar cikin hanji, ta taɓa ɓargo har fararen ƙwayoyin jini su ragu, shi ya sa ƙarewar ruwan jiki da ƙwayoyin cutar da ke tsallakawa daga hanji zuwa jini su ne ke kashe kwikwiyo. Aka sa masa ƙarin ruwa dare da rana, da allurar tsayar da amai, da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Allurar rigakafi ɗaya aka yi masa kafin in karɓe shi, na ɗauka shi ke nan. Ashe ana farawa ne a mako 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa bayan 'yan makonni har ya kai mako 16, saboda kariyar da ya sha a nonon uwa tana iya hana allurar farko kamawa.

Ba ni da inshora. Ajiyar da na yi watanni ina tarawa ta tafi gaba ɗaya. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya gaya mana yadda ya yi.

Uwar Karnuka Uku:
Sannu ƙanina, Allah ya ƙara masa lafiya. Kada ka shigo da wani kwikwiyo gidan nan kusa. Ƙwayar farbo tana daɗewa a ƙasa, watanni, har ta iya kai shekara, kuma sabulu ba ya kashe ta. Ka fara kwashe ƙazantar ka wanke, sannan ka bi da bilic, ruwan nan mai farar da tufafi, kashi 1 cikin ruwa kashi 30, ka bar shi minti 10 kafin ka ɗauraye. Har takalmanka. Ni a takalmi nake zaton na kawo wa nawa, biyu suka kwanta, ɗaya ya tashi.

Tsohon Mai Gadi:
Nawa labarin bai yi daɗi ba, amma zan faɗa ko wani ya tsira da nasa. Karena babba ne, irin na Jamus ɗin nan mai zurfin ƙirji, shekara bakwai muna tare. Wani dare bayan ya ci ya ƙoshi sai ya kasa zama, ya tashi ya kwanta, ya tashi ya kwanta. Yana ta yunƙurin amai babu abin da ke fitowa sai yawu yana dalala. Na taɓa cikinsa na ji ya yi tauri, na ɗan buga da yatsa yana ƙara kamar ganga. Na ce iska ce, gari ya waye mu je. Ya zo ya ɗora haɓarsa a gwiwata yana kallona, numfashi sama-sama. Kafin asuba ya tafi.

Daga baya likita ya ce mini tumbinsa ne ya cika da iska ya murɗe, ya toshe mashiga da mafita, ya danne jijiyoyin da ke mayar da jini zuwa zuciya. Ciwon ba ya jiran safiya, tiyata ce ta gaggawa cikin sa'o'i. Ya ce akwai ma aikin da ake yi wa manyan karnuka tun suna lafiya, a ɗinke tumbin a jikin bangon ciki don kada ya juya. Wanda nake da shi yanzu an yi masa. Kuma lambar asibitin da ke buɗe da dare tana manne a ƙofar ɗakina.

Uwar Karnuka Uku:
Allah sarki Baba. Sannu da haƙuri.

Malamar Lissafi:
Ni ina da inshora, bari in faɗi daɗinta da ɗacinta. Karyata ba a cire mata mahaifa ba. Kamar mako shida bayan lokacin barbararta ya wuce sai ta kama shan ruwa kamar ba gobe, tana yawan fitsari, ta yi laushi. Babu abin da ke fita ta bayanta, don haka ban kawo komai a rai ba. Hoton ciki ya nuna mahaifa cike da mugunya, bakinta a rufe, wanda likita ya ce shi ne ma ya fi haɗari tunda babu hanyar zubewa. A ranar aka yi tiyata aka cire.

Da likita ya ambaci tiyata, take na ce a yi, ban tsaya lissafi ba. Wannan kaɗai ya isa in ce kuɗin da nake biya duk wata bai tafi a banza ba. Amma ku sani, ni na fara biyan asibiti daga aljihuna, sannan na tura rasit da bayanan likita. Suka cire kason da yarjejeniya ta ɗora a kaina, suka mayar mini da kashi 80 cikin 100 na ragowar bayan 'yan makonni. Wanda ba shi da abin da zai fara ajiyewa a teburin asibiti, takardar inshora kaɗai ba lallai ta fitar da shi a wannan daren ba, sai idan asibitin na karɓar biya kai tsaye daga kamfanin. Ku tambaya tun kafin buƙata ta taso.

Ɗan Tsere:
Malama, ke kin dace. Ni an ƙona ni. Karena ya ɗan yi ɗingishi a ƙafar baya ta hagu, na kai shi, likita ya rubuta a fayil, ya warke da hutu. Bayan wata biyu na yi masa inshora. Shekara na zagayowa jijiyar cikin gwiwarsa ta tsinke, aka ce sai aiki. Kamfanin ya nemi fayil ɗinsa tun daga farko, ya ga layin nan guda, ya ce ciwo ne da ya riga yarjejeniya, ba su biya ko sisi ba. Da na koma na karanta ƙananan rubutun sai na ga har gwiwar dama sun cire, wai idan ɗaya ta taɓu ɗayar ma a hanya take. Na soke. Yanzu asusu na buɗe masa daban, duk wata ina zuba abin da da zan ba su.

Malamar Lissafi:
Na ji zafin abin da aka yi maka, ɗan'uwa, amma asusu yana amfani ne idan ciwon ya jira ka tara. Da tawa ta kwanta a shekarar farko, asusun ba zai kai ko rabi ba. Dabarar ita ce a yi inshorar tun yana kwikwiyo, fayil ɗinsa fari tas. A kuma duba abu biyu: kwanakin jira, don yawanci ciwon da ya ɓulla a makonni biyun farko ba sa biya, da kuma ko suna ci gaba da ɗaukar ciwo mai daɗewa kowace shekara ko wata 12 kawai suke yi su janye. Rigakafi da maganin tsutsa da na kaska galibi ba sa ciki.

Ɗan Tsere:
Wannan gaskiya ne. Na makara ne. Amma kuɗin wata-wata yana hawa idan kare ya tsufa, wannan ma a sa shi a lissafi.

Amaryar Gida:
Ni roƙo zan yi: kada ku ba kare maganin mutane. Mijina ya ga namu yana zazzaɓi ya ba shi ibufurofen kwana biyu, da kyakkyawar niyya. Kashinsa ya koma baƙi kamar kwalta, ashe jini ne daga gyambon ciki, gwajin jini kuma ya nuna ƙoda ta fara taɓuwa. Zazzaɓin ma na kaska ne. Likita ya ɗaga leɓensa ya nuna mini dasashi fari fat, ya ce na mai lafiya ja-ja ne, kuma idan ka danna da yatsa launin zai dawo cikin daƙiƙa biyu. Karen ya yi haɓo sau biyu a makon. Sai da cikin ya lafa aka ɗora shi kan maganin kashe ƙwayoyin cuta, doksisaikilin, na kwana 28. A kwana na biyar ya miƙe yana wasa, mijina ya ce a daina, na ce sai an cika kwanakin. Tun daga nan duk yamma sai na bi kunnuwansa da tsakanin yatsunsa ina neman kaska.

Mai Baƙin Kwikwiyo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya, na wanke tsakar gida da bilic yadda kika ce, tabarmarsa kuma na ƙona ta. Baba, na nemo lambar asibitin dare na ajiye. Yau da safe ya lashe ɗan abincin da likita ta ce a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, bai yi amai ba, har ya kaɗa mini wutsiya sau biyu. Malama, tambayata gare ki: tunda farbo ta riga ta shiga fayil ɗinsa, in na yi masa inshora yanzu, duk wani ciwon ciki na gaba za su ce tsohon ciwo ne?

Malamar Lissafi:
Kamfani da kamfani sun bambanta. Wasu suna ɗage sharaɗin idan ciwon mai warkewa ne kuma ya daɗe bai dawo ba. Ka tura musu fayil ɗin kafin ka sa hannu, ka ce su rubuto maka abin da suka cire, kada ka yarda da maganar waya. Sannan ka tambayi likita ranar da zai ci gaba da sauran alluransa, har da ta haukan kare, tunda ya wuce mako 12.