Yaya zan hana cire kuɗi sau biyu idan an sake tura buƙata?

Assalamu alaikum, malamai. Ina gina manhajar biyan kuɗi ga wani shago a Wuse, Abuja. Idan intanet ta katse bayan an tura buƙatar POST (saƙon da ke neman a cire kuɗin), manhajar kan sake turawa, sai a cire wa mai saye kuɗi sau biyu, domin sabar (kwamfutar da ke karɓar buƙatun) ta riga ta kammala aikin, amsa ce kawai ba ta dawo ba. Na ba kowace buƙata lambar UUID (lambar shaida ta musamman) da nake adanawa a rumbun bayanai na PostgreSQL, amma idan biyu masu lamba ɗaya suka iso tare, duka sukan wuce kafin a rubuta lambar. Shin sharaɗin hana maimaituwa a teburin da nake adana lambobin ya wadatar, ko in mayar wa ta biyun da 409 (lambar amsa mai nuna an samu cin karo)? Don Allah a haska mini.