Masu zanen da suka koma ƙyalle: aikin wa zan duba?

Ɗalibar Zane: Assalamu alaikum. Zanen fenti nake karantawa, sai malaminmu ya ce aikin kammalawa in gwada shi da yadi. Don Allah a taimaka min da sunayen waɗanda suka bi wannan hanya.

Mai Ɗab'i: Wa alaikumus salam ƙanwata. Duba Joseph Beuys na Jamus. Da dannannen ulu ya yi aiki, irin na hular dara, sai dai nasa ruwan toka ne mai kauri. A 1970 ya sa aka ɗinka kwat da wando da shi har guda 100, ana rataye su a bango. Sai Robert Morris na Amurka, wanda a 1967 ya fara tsaga ulun ya rataye, nauyinsa ya ja shi ƙasa ya ba shi siffa.

Antin Zaure: Haba malam, a ina yarinya za ta samo wannan ulun, kuma nawa? 'Yata, nemi Abdoulaye Konaté na Mali. Fenti ya karanta a Bamako da Kuba, sannan ya koma shadda, wannan dai da muke ɗinkawa. Ana rina ta, a yanka siri-siri kamar harsuna, a jera sahu-sahu bisa babban yadi, ƙasansu a sake. Ki nemi hoton aikinsa ki faɗaɗa ki ga yadda shuɗi ke tashi daga mai duhu ƙirin har ya kusa zama fari. Aikin buroshi ne aka yi da almakashi. A ganina ya fi kwat ɗin Bajamushen nan nesa ba kusa ba.

Mai Ɗab'i: Anti kin kashe bakina. Amma ta leƙa Faith Ringgold ma, ba'amurkiya, ta rasu a 2024. Fenti a tsakiya, haɗin guntayen yadi a gefe, ga labari rubuce a jiki. Bargon haɗe-haɗenta na farko, a 1980, da mahaifiyarta mai ɗinki suka yi, amma shi ba labari rubuce a jiki.

Tela: Ni ban san su ba, amma guntun shadda kam buhu-buhu muke zubarwa gab da sallah. Shawara ɗaya: kar ki liƙa da gam, yana ɓullowa ya bar tabo. Ki ɗinka, ki kuma dafe bakin don kar ya zare.

Ɗalibar Zane: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Tela, a ajiye min shuɗaye, ko wane iri ne.

Tela: An gama. Ki zo da buhunki ran Asabar kafin yara su share shago.