Neman shawara: injin Marx ɗina yana tashi da kansa kafin caji ya cika

Assalamu alaikum, malamaina da yayyena. Ni ɗalibi ne a fannin lantarki a nan Jos, kuma aikina na kammala karatu shi ne ƙera ƙaramin injin Marx mai hawa biyar, irin wanda Erwin Marx ya ƙirƙiro a Jamus a 1924, wanda ake cika kapasitocinsa (na'urorin da ke tara wutar lantarki) kafaɗa da kafaɗa, sannan tartsatsi ya haɗe su ɗaya bayan ɗaya domin ƙarfinsu ya taru wuri guda. Kowane hawa ina cika shi da kilobolt 15, wato bolt dubu 15, ina sa ran samun kusan 75. Na bar tazarar milimita 6 tsakanin ƙwallayen tagulla da tartsatsin ke tsallakawa a kowane hawa, bisa lissafin littafi cewa iska tana jure kimanin kilobolt 30 a kowace santimita. Abin da ya dame ni shi ne, tun caji bai cika ba sai na ji ƙara kamar an karya busasshen kara, injin ya tashi da kansa. Idan kuma na buɗa tazarar, sai hawa na farko ya kama, na huɗu da na biyar su yi shiru. Don Allah a ina na kuskure?

Amsar wani injiniya daga Abuja:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Lissafinka daidai yake, sai dai lissafin bakin teku ne, kai kuwa kana kan tsaunin da ya kai kimanin mita 1,200. Matsin iska a Jos ya gaza na Legas da kusan kashi 13 cikin 100, kuma tun 1889 masanin kimiyya Paschen ya nuna cewa ƙarfin da ke fasa iska ya dogara ne ga matsinta haɗe da faɗin tazara. Saboda haka tazarar da kake zaton za ta jure kilobolt 18 ba za ta wuce 16 ba a wurinku, ka ga kenan kana cika injin har gab da bakin fashewa. Shawarata ita ce ka ajiye littafi tukuna, ka auna kowace tazara ita kaɗai, kana ƙara wuta a hankali har ta fashe, ka maimaita sau goma, sannan ka daidaita ta yadda cajin aikinka zai tsaya wajen kashi 80 cikin 100 na abin da ka auna.

Amsar wani tsohon ma'aikacin lantarki daga Bukuru:

Injiniya ya faɗi gaskiya, amma ni ba zan ɗora wa tsauni laifin duka ba. Ɗana, yanzu muna tsakiyar hunturu, ka shafa yatsa a kan ƙwallayen nan bayan ka sauke wutar, za ka ga ƙura ja ta hau su, kuma ƙwayar ƙura guda ko ɗan tabon da tartsatsin jiya ya bari ya isa ya sa iska ta fashe kafin lokaci. Ka goge su su yi sumul. Kafin hannunka ya kusance su kuwa, ka taɓa kowace kapasita da sanda mai wayar ƙasa, ka kuma bar wayar a maƙale, domin kapasita takan sake tara wuta da kanta bayan an sauke ta. Na ga wanda irin wannan ragowar ta jefar da shi daga kan kujera. Kada ka yi gwajin nan kai kaɗai a ɗaki.

Amsar wata malamar kimiyyar lantarki:

Batun hawa na huɗu da na biyar ne ba a taɓa ba. Hawa na farko kaɗai ke buƙatar kunama, wato abin da ke tayar da tartsatsin farko, sauran kuwa ƙarfin da ya ninku a kansu ne ke fasa su, kuma suna buƙatar hasken tartsatsin farko, musamman ɓangarensa da ido ba ya gani, domin shi ke sakin ƙwayoyin lantarkin da ke fara fashewar. Idan ka sa kowace tazara a cikin robarta daban, to ka makantar da su. Ka jera su a layi ɗaya cikin bututu guda, suna kallon juna. Ita kuma kunamar, ka huda ƙwallo ɗaya na hawan farko, ka zura siririn ƙarfe a tsakiya wanda bai taɓa jikinsa ba, tamkar fulogin mota, ka ba shi bugu daga kwayil, irin wanda ke ba fulogi wuta. Idan yana jinkirin kamawa, ka juya wayoyin kwayil ɗin ka sake gwadawa.

Martanin mai tambaya:

Allah ya saka da alheri. Malama, hasashenki ya yi daidai, kowace tazara na rufe ta da gutsuren bututun ruwa don gudun ƙura. Na cire su na goge ƙwallayen kamar yadda Baba ya ce, na auna ta farko, ta fashe a kilobolt 15.8. Na buɗa ta zuwa milimita 7, kuma gobe in sha Allahu zan haɗa kunamar a gaban mai duba aikina.