Me ke sa bayan mota ya ƙwace idan kwalta ta jiƙe?

Bakatsine:

Assalamu alaikum. Tunda hadari ya fara haɗuwa, ina da tambaya ga masana mota. Garin nan na Katsina ya cika da Mercedes C300 da C350 da Lexus IS da GS, kuma galibinsu tayoyin baya ne ke tura su. Da an yi ruwan farko sai ka ji wata ta juya a shataletale, ko ta yi katantanwa a hanyar Daura, direba kuma ya rantse ba gudu yake ba. Laifin motar ne, ko na taya, ko na ƙafar direba? Me ya sa Corolla da Camry ba su cika yin haka ba? Kuma idan baya ya riga ya fara zamewa, me ake yi? Wasu sun ce birki, wasu sun ce a ƙara wuta.

Tsohon Hannu:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, duka ukun suna da hannu, amma ƙafa ce ke fara jawo shi.

Abin da ke taɓa kwalta a kowace taya bai wuce faɗin tafin hannunka ba, kuma riƙon da wurin nan ke da shi guda ne ake rabawa. Abin da ka kashe wajen tura mota gaba, ka rage shi ne daga abin da zai hana ta zamewa gefe. A mota mai ja da baya, tayoyin baya ke ɗaukar ayyukan biyu idan kana cikin kwana. Busasshiyar kwalta riƙonta ya ishi duka biyun, jiƙaƙƙiya kau bai isa ba.

Ka ɗauki C350 ta 2008 zuwa 2011, ƙarfin doki 268 gare ta, IS350 kuma 306. Kana cikin shataletale a kilomita 30, sitiyari a karye, ka danna totur har ƙasa don ka riga mai Keke Napep fita. Giyar otomatik za ta sauko da kanta, duk ƙarfin injin ya faɗa wa tayoyin baya kwatsam. Sai su fara juyawa a banza, taya mai juyawa a banza kuma ba ta riƙe gefe. Baya ya fita waje, kan mota ya kalli tsakiyar shataletale. Wanda ya ce ba gudu yake ba, gaskiyarsa ya faɗa.

Corolla da Camry tayoyin gaba ke jan su, nauyin inji kuma yana kansu. Idan suka zame, motar miƙewa take ta ƙi shan kwana, da direba ya ɗaga ƙafa don tsoro sai ta dawo hanya. Tsoron nan da ke ceton mai Corolla shi ke kada mai Mercedes, domin cire ƙafa farat ɗaya ko taka birki cikin kwana yana kwashe nauyi daga baya ya kai gaba, bayan ya ƙara yin sakayau.

Idan ya fara tafiya, idonka a kan inda kake son zuwa, ba kan kwalbati ko falwayar da kake tsoro ba, don hannu ido yake bi. Juya sitiyari ɓangaren da bayan ya tafi: ya tafi dama, sitiyari dama, da sauri amma daidai gwargwadon zamewar. A sassauta totur sannu, kada a fizge ƙafa, kada a taɓa birki. Mai giyar hannu ya taka kuloci. Sai kuma wurin da aka fi faɗuwa: da ka ji bayan ya tsaya zai dawo, maido da sitiyari tsakiya nan take. Wanda ya makara, tayoyin baya za su kama kwalta alhali na gaba suna kallon gefe, motar ta wulla ɗaya ɓangaren da ƙarfin da ya fi na farko. Wannan wullawa ta biyu ce ke kai mutane lambatu ko gaban tirela.

In kuwa ta riga ta gicciye sosai, gyara ya wuce. Taka birki iyakar ƙarfinka ka riƙe har ta tsaya cik. Batun ƙara wuta na masu wasan mota ne a filin da aka killace, ba na titin da ke da yara da masu babur ba.

Ruwan farko kuma ya fi ruwan Agusta haɗari ta wannan fuskar. Tun Oktoba kwalta ke tara baƙin mai, gas ɗin manyan motoci, burbushin taya da ƙurar hunturu. Yayyafi ba ya wanke su, kwaɓa su yake su yi yauƙi kamar karkashi, musamman bakin shataletale da inda motoci ke tsayawa.

Na Ƙofar Marusa:

Oga, ba rage iskar taya ake yi da damina don ta ƙara kama ƙasa ba?

Mai Faci:

A'a Malam, wannan dabarar yashi ce, ba ta ruwa ba. Taya mai ƙarancin iska tsakiyarta lotsawa yake, ruwa ya taru a ƙarƙashinta, ta hau kansa tun ba a yi nisa da gudu ba. Cikawa fiye da kima ma ba gwaninta ba ce: a dunga bugawa 45 ko 50 da sunan kada rim ya lanƙwashe a rami, sai tayar ta tsaya kan tsakiyarta kaɗai, tana tsalle. Adadin da ya dace yana rubuce jikin ginshiƙin ƙofar direba, a Mercedes kuma har cikin murfin tankin mai. Ga irin waɗannan motoci yawanci tsakanin 30 ne da 38, kuma sau da yawa na baya ya ɗara na gaba. A auna da safe kafin taya ta yi zafi.

Zanen taya aikinsa kwashe ruwa. Sabuwa tana zuwa da zurfin milimita 8 ko kusa da haka. A cikin ramukan zanen akwai ƴan tudu da aka gicciya, tsayinsu milimita 1.6, idan zane ya yi daidai da su taya ta gama aiki. Amma ga damina kada a jira wannan, daga milimita 3 a cire. Mota mai ƙarfi da ke ja da baya tana cinye tayoyin bayanta da wuri, kuma gefen ciki ke fara suɗewa, wanda ba ka gani sai ka durƙusa ka leƙa. Da yawa daga waje kyakkyawa ce, ciki kuwa har waya ta fito.

In biyu kawai aljihu zai iya, sababbin a baya ake sa su. Mutane na cewa gaba, don can sitiyari yake, amma zamewar gaba kana jin ta a hannu ka gyara, ta baya sai ta fara juya ka. A lura kuma wasu motocin girman gaba da baya ba ɗaya ba ne, kamar 225/45R17 a gaba da 245/40R17 a baya a wasu C-Class, don haka ba a musanya su. Biyun da ke baya su zama iri ɗaya, zane ɗaya, shekaru ɗaya.

Ga masu sayen ta Beljiyam, a duba lambobi huɗu na ƙarshen layin da ya fara da DOT a gefen taya. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tsohuwar roba taurarewa take a zafin nan namu, zane na nan amma riƙo ya tafi. Wadda ke da hoton dutse mai tsini uku da ƙanƙara a ciki ta sanyin Turai ce, robarta ba don kwaltar Katsina aka haɗa ta ba.

A babbar hanya, irin ta Kano wajen Charanchi da Kankiya, abin tsoro shi ne ruwan da ya kwanta a sawun manyan motoci. Da suɗaɗɗiyar taya, kilomita 70 zuwa 80 ya isa ta hau ruwa. Alamarsa sitiyari ya yi sakwaf, ko ƙarar inji ta tashi ba tare da gudu ya ƙaru ba. Riƙe sitiyari a miƙe, sassauta totur, ka jira ta sauka. Na'urar da ke riƙe wa mota gudu da kanta a kashe ta muddin ana ruwa.

Rewaya:

Abin da Oga da Mai Faci suka faɗa haka yake, amma akwai abin da ke ci mani rai. Irin su Mercedes da Lexus ɗin da aka ambata sun zo da na'urar da aka yi don wannan matsalar: ESP a Mercedes, VSC a Lexus, DSC a BMW. Tana kwatanta inda sitiyari ya nufa da inda motar ke juyawa a zahiri. Da ta ga baya ya fara fita, sai ta rage ƙarfin inji ta kama birkin tayar gaba ta waje ita kaɗai, tun kafin direba ya ankara. To a motoci da yawa na garin nan ta mutu, mai motar bai sani ba.

Na'urar ta dogara ne da sansar ABS (na'urar da ke hana taya ƙamewa in an taka birki) da ke kowace taya. Waya ɗaya ta tsinke wajen canza boris ko shokazoba, ABS da ESP duk sun tsaya, fitila ta kama a dashbod. Maimakon gyara sai a rufe fitilar da baƙin salatif ko a cire ta, musamman in za a sayar. Gwajin ba wuya: murɗa makulli kada ka tayar, fitilun ABS da ESP dole su kama, su mutu bayan ƴan daƙiƙu da tashin inji. Wadda ba ta kama ba sam, an taɓa ta. A sa kwamfuta a karanta. A tsofaffin Mercedes sau da yawa ɗan makunnin fitilar birki ne da ke saman feda, ko an cire batir ba a saita sansar sitiyari ba, wanda juya shi ƙarshen hagu zuwa ƙarshen dama ke gyarawa.

Samari kuma su bar maɓallin ESP OFF in ana ruwa. Mai Lexus ya danna SNOW, mai Mercedes ya danna maɓallin yanayin giya ya sa shi a C, ko W a tsofaffi. Motar za ta tashi a hankali ba fizga. In fitilar ESP ta riƙa ƙiftawa kana tafiya, tana gaya maka taya ta fara zamewa ne, ka sassauta. Kuma ESP da tayar da ke ƙasa take aiki, ba za ta ƙirƙiro riƙon da babu ba. Haka in shokazoban baya ya mutu ko bushin ya cinye, tayar na tsalle tana karkacewa da kanta.

Bakatsine:

Allah ya saka da alheri. Hilux fa? Ita ai ba ta da zafin waɗannan.

Tsohon Hannu:

Ta fi su saurin wulla baya in bodi ba kaya. A 2H, wato saitin tafiyar yau da kullum, tayoyin baya kaɗai ke ja, ba nauyi a kansu, sifirin ɗinta mai tauri ne don kaya aka yi shi, mai injin gas kuma ƙarfinta tun daga ƙasa yake zuwa. Haka Hiace in ta sauke fasinja. Buhu biyu ko uku na yashi daidai saman aksil na baya, a ɗaure su kada su yi yawo, suna canza ta sosai; kada a sa su can bakin ƙofar bodi. 4H, wanda ke sa tayoyi huɗu su ja, a bar shi sai an sauka kwalta an shiga laka ko hanyar burji, don a kan kwalta mai riƙo yana ɗaure farfela a kwana. Daga Mashi zuwa Daura in ana ruwa, tazarar daƙiƙa huɗu tsakaninka da na gaba, domin a kilomita 100 mita 28 kake ci duk daƙiƙa.