Babban yatsa a kan fikof ko a kan tsirkiya: wa ke da gaskiya?

Ɗan Kagoro: Salama gare ku 'yan'uwa makaɗan bes, wato jita mai kaurin murya. Ina da magana, kuma na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. Duk malamin da a yau yake koya wa yaro ya kafe babban yatsansa a kan fikof, wato na'urar da ke ɗaukar sautin tsirkiya a jikin jita, ya bar shi nan, cutar yaron yake yi. In yatsanka na kan fikof kana kaɗa tsirkiyar G, siririyar da ke ƙasa, wa ke riƙe da E da A, masu kaurin da ke sama? Babu kowa. Suna nan a sake suna ƙugi a ƙarƙashin kiɗanka. Mai tsirkiya biyar kuwa har da B, uku ke nan. Abin da ya dace shi ne yatsa mai yawo: ka kwantar da shi a kan tsirkiyoyi masu kauri, duk inda hannu ya sauka ya bi shi. Todd Johnson na Amurka, mai tsirkiya shida, haka yake koyarwa.

Kawu na Jos: Ɗana, ka faɗi ra'ayinka, amma kalmar cuta ta yi nauyi. Hannu yana son majingina. Daga nan yatsa ke samun ƙarfin da zai ja tsirkiya ta ba da murya mai kauri, daga nan kuma hannu ke sanin inda yake ba tare da ido ya duba ba. Kamfanin Fender da kansa ya san haka. A bes ɗinsu na farko, Precision na 1951, sun sa ɗan katako a ƙasan tsirkiyar G don sauran yatsu su kama, babban yatsa ya yi kaɗin. Da mutane suka koma kaɗawa da yatsu biyu, wajen 1974 sai suka mayar da shi saman E ya zama wurin ɗora babban yatsa. James Jamerson na kamfanin waƙa na Motown da manuniya ɗaya ya yi kusan duk aikinsa, hannunsa jingine a kan murfin ƙarfen fikof. Je ka saurare shi ka nuna mini ƙugin.

Ɗan Kagoro: Kawu, a gafarce ni, amma misalin nan nawa ne ba naka ba. Jamerson akwai soso a ƙarƙashin murfin jakin da tsirkiyoyinsa ke hawa, yana danne su tun daga gindi. Tsirkiyoyinsa kuma masu santsi ne, tsofaffi, ba ya yawan canza su. Jitar ce ke kashe masa amo. Mu yanzu tsirkiya mai kaushi muke ɗaurawa, irin da kamfanin Rotosound suka fito da ita a shekarun 1960, wadda ko iska ta taɓa sai ta yi magana.

Mai Situdiyo: Bari in sa baki, don ni ne nake shan wahalar abin nan a bayan na'ura. Mutane da yawa suna zaton sai ka bugi tsirkiya bisa kuskure take ƙara. A'a. Ko ba ka taɓa ta ba tana amsawa in ta ji sautin da ya dace da ita. Kowa ya gwada yanzu: danna firet (ƙarafan da ke jere a wuyan jita) na 2 a kan G, wato sautin A, ka kaɗa da ƙarfi, sannan ka kashe G ɗin kaɗai. Za ka ji A bai mutu ba. Sakakkiyar tsirkiyar A ce ta ɗauka, don tana girgiza sau 55 a daƙiƙa, wanda ka kaɗa kuma 110, ninki biyu daidai. Wanda ya fi muni shi ne firet na 4 a kan G, wato B. Shi yana tayar da E, don ninki uku ne nata, in kuma kana da tsirkiya ta biyar ya tayar da ita ma, ninki huɗu. A ɗakinka da ƙaramin amfilifaya ba za ka ji ba. A coci ko filin biki, inda manyan lasifiku ke girgiza jikin jitar kanta, abin yana haɗuwa da babbar ganga ya dagula ƙasan kiɗan gaba ɗaya. Mawaƙa su ce bes ya yi yawa, a rage shi, alhali ba yawa ya yi ba, rashin tsabta ne. Kuma in an riga an ɗauka, ba ni da maɓallin da zai raba amon da sautin gaske, a wuri ɗaya suke zaune.

Kawu na Jos: Duk wannan gaskiya ne, Injiniya. Amma wa ya ce mai kafe yatsa ba ya kashe tsirkiya? Ina da yatsan zobe da ƙaramin yatsa, zaman me suke yi? In ina kan G, manuniya da na tsakiya suna faɗawa kan D bayan kowane kaɗi, ta mutu. Yatsan zobe na kan A. Babban yatsa ya sauko daga fikof ya hau E. Saura me?

Malama Mai Bes: To Kawu, ai ka sauko daga fikof ke nan. Abin da kake yi ba shi ne abin da ƙanena Ɗan Kagoro yake suka ba. Hanyoyin uku ne, ku kuna gardama kamar biyu ne. Akwai mai kafewa wuri ɗaya ba ya motsi. Akwai mai ƙaura da majingina, daga fikof zuwa E zuwa A, kan yatsan yana dafe da tsirkiya, wato kai. Akwai kuma mai yawo, wanda ba ya dafa komai, gefen yatsan ne kawai ke kwance a kan tsirkiyoyi yana zamewa.

Ni abin da ya fi damuna ba ma amo ba ne, wuyan hannu ne. Ku dubi yaron da ya kafe yatsa a fikof ɗin bes mai tsirkiya biyar yana miƙa yatsu zuwa G. Damtsensa na danne a gefen jita, wuyan hannunsa a karye kamar ƙugiya. Jijiyoyin da ke motsa yatsu da jijiyar da ke kai musu ji duk ta matsattsiyar hanya ɗaya suke bi a wuyan hannu. In ka lanƙwasa shi sosai kana ta aiki da yatsu, sai ka fara jin babban yatsa da manuniya da na tsakiya suna mutuwa ko suna tsikari. Yaran da ke kiɗa a addu'ar kwana ko bikin da ake kaiwa asuba su ne abin ya fi kamawa, kuma ba sa faɗa, suna ganin rashin juriya ne. Mai yatsa mai yawo dole ya ɗaga gwiwar hannu kaɗan, motsin ya fito daga kafaɗa, wuyan hannu ya miƙe. A nan kam ina bayan Ɗan Kagoro.

Amma kai ma ƙanena, ka daina cewa cuta. Mai tsirkiya huɗu da ya gyara maratayinsa, jita ba ta hau ƙirji ba, ba ta kuma sauka cinya ba, zai iya shekaru yana ƙaura da majingina lafiya lau.

Ɗan Agadas: Ina gaishe da manya. Mu nan kiɗan jita na biki gudu gare shi, kuma bes yakan zauna a kan zagaye ɗaya na dogon lokaci, yawanci a E da A. Na gwada yawon nan, sai na ji hannuna ba shi da ƙasa, lokaci yana kuɓuce mini. In rabin dare a kan tsirkiya biyu zan yi, me zai kai ni wahalar da kafaɗa?

Malama Mai Bes: Babu abin da zai kai ka, ɗan'uwa. Sai dai a wurinka aikin ya koma hannun hagu. Kana kan E, su A da D da G suna ƙasan yatsunka, babban yatsan dama ba ya isa gare su ko da wace hanya kake bi. Cikin manuniyarka ta hagu ce za ta kwanta a kansu. Kar ka gantsare yatsu kamar mai kaɗa ƙaramar jita, shimfiɗa su za ka yi. Ka kuma kiyaye taɓa tsirkiya da yatsa ɗaya tak a saitin firet na 5 ko na 7 ko na 12, don a nan ba mutuwa take yi ba, wata siririyar ƙara take fitarwa. Taɓa ta wuri biyu. Rocco Prestia na ƙungiyar Tower of Power da hannun hagu ya gina salonsa kacokan, yana danna sauti da yatsa ɗaya sauran suna kwance suna gajarta shi.

Sabon Ɗalibi: Anti, ni wata na farko ke nan, bes ɗin cocinmu mai biyar ne. Na ga wasu suna ɗaura abin ɗaure gashi a kan wuyan jita. In na sa shi ba shi ke nan ba?

Mai Situdiyo: Ba shi ke nan ba, ƙanena. Shahararren makaɗin bes Victor Wooten yana sa shi, amma saboda wuraren da hannayensa biyu ke kan wuyan jita babu mai tsaron tsirkiya. Yana rage amo, ba ya kashe B mai kauri, kuma in ka turo shi ciki sosai sakakkun tsirkiyoyinka za su dushe. Ranar ɗaukar sauti ina maraba da shi. A wurin koyo cire shi, don ka ji laifin hannunka da kunnenka.

Ɗan Kagoro: Ka ga irin wanda nake magana a kansa. Yaro ne sabo, tsirkiya biyar aka miƙa masa, don tun shekarun 1980 ta bazu, yanzu ita ce a yawancin coci-cocinmu saboda mawaƙa suna son E-flat da D na ƙasa. Malaminsa kuwa a kan huɗu ya koya, zai ce masa ɗora yatsa nan kar ka motsa. Ko dai a ce ya mai da B majingina, ya biya kuɗin tsirkiya biyar yana kaɗa huɗu.

Kawu na Jos: Ɗora yatsa a kan B ba laifi ba ne, kashe ta yake yi, in ya buƙace ta ya hau fikof. Kuma akwai abin da har yanzu ba wanda ya amsa mini. Murya. Ku saurari Aston Barrett na ƙungiyar Wailers, ku ji nauyin kowane sauti da inda yake yanke shi. A rege da hailaif ana so yatsa ya nutse cikin tsirkiya. Duk masu yawon da na gani a hankali suke taɓawa, su ƙara wa amfilifaya wuta. Gary Willis har katako yake sawa a ƙarƙashin tsirkiyoyi don kar yatsunsa su nutse. Kiɗa ne mai kyau, amma wata murya ce dabam, kuma ba ita nake nema ba.

Malama Mai Bes: Wannan kam ka faɗi abin dubawa, Kawu. Ana iya kaɗawa da ƙarfi da yatsa mai yawo, nauyin hannu ne ke maye gurbin majingina, amma yana ɗaukar lokaci kafin ya zauna, kuma da yawa suna komawa taɓawa a hankali kafin su kai nan. Kai kuma ɗalibi, ga abin da za ka yi a makon nan. Kaɗa sakakkun tsirkiyoyi ɗaya bayan ɗaya daga B zuwa G ka dawo, a hankali ƙwarai. Kana sauka, babban yatsa na bin ka yana rufe na sama. Kana hawowa, hannun hagu na rufe na ƙasa. Ɗauki kanka da waya ka saurara da abin kunne. Duk inda ka ji sauti biyu tare, tsaya nan ka nemo wadda ta kuɓuce.

Kawu na Jos: Ya yi hakan, ban hana ba. Amma in ya zo kan B, ko kan E a mai tsirkiya huɗu, ya bar yatsan ya dafa wani abu, ko fikof ko jikin jita. A can sama babu tsirkiyar da zai kwanta a kai, kuma ban yarda a bar hannun sabon yaro yana lilo a iska ba.